Babban Batirin Ajiye Wuta: Kafin A Kafa Shi A Kano, A Tambayi Abin Da Zai Tsinana Wa Shanono

A ƙarshen watan Oktoban 2024, Kano da yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Tun kafin lokacin an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogaro da layin Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya samu matsala a ranar 21 ga wata. Masu casar shinkafa suka kashe injina, ƙanƙara ta yi tsada, shagunan cajin waya suka cika maƙil. A birni an ji jiki. A ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomin karkara irin su Shanono kuwa, ba kowa ne ya ga wani bambanci ba, don wanda bai saba ganin wuta ba ba zai san ranar da aka ɗauke ta ba.

Tun daga lokacin maganar babban batiri ta ƙara ƙarfi a bakin masu ruwa da tsaki. A 2025 Bankin Raya Afirka ya ba da tallafin dala miliyan 1.2 domin a yi nazarin yadda za a haɗa manyan batura da babban layin wutar Najeriya, tare da kamfanin TCN mai kula da dakon wuta. Nazari ba aiki ba ne, amma alama ce ta inda aka dosa. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo Kano da zanen kwantenoni jere a fili, ya ce ga maganin matsalar wuta.

Fasahar tana da kyau, kuma Kano tana buƙatarta. Sai dai batiri na daga cikin kayan da suka fi saurin rikiɗewa zuwa kangon gwamnati idan aka saye shi ba tare da an san aikin da zai yi, da wanda zai biya kuɗinsa, da wanda zai kula da shi ba. Idan kuma ƙasar manoma za a ɗauka a yi aikin, manoman ne ya kamata su fara ganin haske.

Mene ne wannan batirin?

Duk wanda ke da fawa bank ya riga ya fahimci rabin zancen. Ana cika shi lokacin da akwai wuta, a sha daga gare shi lokacin da babu. Bambancin girma ne. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗauke da wajen wat-awa 19. Batirin inbata na gida mai 12V da 200Ah yana ɗaukar kilowat-awa 2.4. Kwantena ɗaya mai ƙafa 20 daga irin waɗanda kamfanonin Sin kamar CATL da BYD ke ƙerawa yanzu tana iya ɗaukar megawat-awa 5, wato kwatankwacin batirin waya sama da dubu 250, ko batirin inbata dubu biyu. Idan aka jera irin waɗannan kwantenoni guda 80, an samu megawat-awa 400.

Akwai lambobi biyu da ake yawan haɗa su wuri guda, kuma a nan ne ake ruɗa mutane a wajen taron ƙaddamarwa. Megawat shi ne ƙarfin da batirin zai iya turawa a lokaci guda, kamar faɗin bakin famfo. Megawat-awa shi ne yawan abin da ke ciki, kamar girman tanki. Batiri mai megawat 100 da megawat-awa 400 zai ba da cikakken ƙarfinsa na awa huɗu, daga nan ya ƙare. Duk sanarwar da ta ambaci megawat kawai ba ta faɗi awa nawa ba, ta ɓoye rabin labari.

Bayan ƙwayoyin batirin kansu, akwai manyan inbatoci masu juya wutar zuwa irin wadda layi ke ɗauka, da taransfoma, da na'urorin sanyaya, da manhajar da ke lura da zafi da cajin kowace ƙwaya, da kayan kashe gobara. Mafi yawan sababbin ayyuka suna amfani da nau'in batirin lithium da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi kuma ya fi tsawon rai a kan nau'in da ke ɗauke da nikel da kobalt. Farashi ma ya sauko sosai. Ƙididdigar BloombergNEF ta nuna matsakaicin farashin batirin lithium ya sauka zuwa dala 115 kan kowane kilowat-awa a 2024, ragin wajen kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da 2010. Wannan faɗuwar farashi ce ta sa abin da a da ake ganin na ƙasashe masu arziki ne yanzu ake maganarsa a Abuja da Kano.

Rumbu ba ya noma

Manomin Shanono ya fi kowa sanin wannan. Rumbu yana adana abin da aka girbe ne, ba ya ƙara ko zangarniya ɗaya, kuma ba duk abin da aka zuba ake ɗebowa ba. Batiri ma haka yake. A cikin kowace wuta 100 da aka zuba masa, wajen 85 zuwa 90 ce ke dawowa, sauran ta tafi a zafi da aikin sanyaya.

Matsalar Najeriya ta farko ita ce girbin kansa ya yi kaɗan. Ƙasar na da tashoshin da a takarda za su iya samar da wajen megawat 13,000, amma abin da ke hawa layi yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Mafi yawan da aka taɓa turawa shi ne megawat 5,801 a watan Maris na 2025. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kason KEDCO, wanda ke ba Kano da Katsina da Jigawa, kashi 8 ne cikin 100. Idan layin ƙasa na ɗauke da megawat 4,000, jihohi uku za su raba megawat 320.

Yanzu a ɗora wancan batiri mai kwantena 80 a kan wannan lissafi. Ko da inbatocinsa za su iya tura megawat 320 gaba ɗaya, cikin awa ɗaya da kwata zai ƙare. Kafin a riƙe jihohin uku na mako guda kamar yadda aka buƙata a Oktoban 2024, sai an tanadi irinsa sama da 130. Babu ƙasar da ke yin haka. Wanda duk ya ce babban batiri shi kaɗai zai hana a sake ganin irin wancan duhun, ko dai bai yi lissafi ba ko yana da abin sayarwa.

Maganin wancan duhun layi ne na biyu da na uku, da kuma samar da wuta a nan Arewa. Kano ta daɗe tana rataye a kan layin 330kV da ke zuwa tashar Kumbotso daga Mando a Kaduna. Batiri yana shigowa ne a matsayin abokin tafiyar wutar da aka samar a gida, musamman ta rana.

Inda batiri ba shi da na biyu

Wutar babban layi tana da wani bugu kamar na zuciya, sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan wata babbar tasha ta mutu ba zato, ko layi ya tsinke, bugun sai ya fara sauka. In ba a cike giɓin cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, sauran tashoshi sukan cire kansu domin kare injinansu, sai komai ya rushe. Wannan shi ne abin da ake kira faɗuwar babban layi, wanda ya faru fiye da sau goma a 2024 kaɗai. Injin gas ko na ruwa yana buƙatar lokaci kafin ya ƙara ƙarfi. Batiri kuwa kafin ƙiftawar ido ya amsa.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Hornsdale a Kudancin Ostireliya. Bayan jihar gaba ɗaya ta faɗa duhu a Satumban 2016, kamfanin Tesla ya kafa batiri mai megawat 100 da megawat-awa 129 a ƙarshen 2017, bayan alƙawarin da Elon Musk ya yi na kammalawa cikin kwana 100 ko ya bar shi kyauta. A 2020 aka faɗaɗa shi zuwa megawat 150. Abin lura shi ne ba a saye shi domin ya riƙe jihar tsawon dare ba. Babban aikinsa daidaita bugun layi ne, kuma akwai kasuwar da ke biyan kuɗin wannan aiki.

Aiki na biyu shi ne ɗauko rana a kai ta dare. A Kenhardt da ke Afirka ta Kudu, kamfanin Scatec ya haɗa sola mai megawat 540 da batiri mai megawat 225 da megawat-awa 1,140, ya fara aiki a ƙarshen 2023. Yarjejeniyarsa a fili take: zai ba da megawat 150 tsayayyu daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9:30 na dare, kullum. A duba yawan solar da aka shimfiɗa kafin a samu wannan megawat 150 ɗin. Kamfanin Eskom na ƙasar ma ya buɗe nasa batirin na Hex mai megawat 20 da megawat-awa 100 a Nuwamban 2023. A Malawi, tashar Golomoti ta haɗa sola mai megawat 20 da batiri mai megawat-awa 10. Ba labarin Turai ba ne, a nahiyar nan ake yi.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage

A Satumban 2019 aka buɗe tashar sola ta Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, na bai wa jami'o'i wuta. An haɗa sola mai megawat 3.5 da batiri mai megawat-awa 8.1 da janaretocin ko-ta-kwana. A lokacin ana lissafa ta cikin mafi girma a irinta a Afirka. A Janairun 2023 kuma aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, wadda hukumar zuba jari ta NSIA ta gina a kan fili mai hekta 24. A Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, kamfanin Bagaja Renewables ya haɗa gwiwa da KEDCO wajen kafa ƙaramar tasha mai megawat 1 tare da batiri, wadda ke haɗe da layin KEDCO: idan akwai wutar layi a sha, idan babu a koma kan rana da batiri. Ga kuma tashoshin ruwa na Tiga da Challawa Goje da jihar ta daɗe tana fama da su.

Dukkan ayyukan solar nan uku a birni suke ko a bakinsa, kuma akwai dalili. Nan ne masana'antu suke, nan ne manyan tashoshin rarraba wuta suke, nan ne ake da masu iya biya. Batirin da aka saya domin daidaita bugun babban layi wurinsa kusa da Kumbotso ne, ba Shanono ba, kuma babu wani ɗan Shanono mai gaskiya da zai yi gardama a kan haka. Kafa megawat 100 a ƙarshen siririn layin 33kV kamar haɗa tankin unguwa ne da bututun ban ruwan fulawa.

Matsalar ita ce idan aka tsaya a nan, labarin zai zama irin na kullum. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin Band A zuwa sama da naira 200 kan kowane kilowat-awa, bisa alƙawarin awa 20 a rana, ya zama duk kamfanin rarraba wuta yana da dalilin kasuwanci na fifita layukan da suka fi kawo kuɗi. Rukunin ƙarshe, Band E, awa huɗu aka yi masa alƙawari. Babban batiri a Kumbotso zai ƙara wa masu awa 20 kwanciyar hankali. Mai walda a Shanono ba lallai ne ya ga ƙarin ko minti talatin ba.

Abin da ya dace da Shanono

Shanono tana yammacin Kano, a kan iyaka da Katsina, maƙwabciyar Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 140 da ɗoriya, kuma an kusa shekara ashirin ana haihuwa tun daga nan. Buƙatar wutarta ba ta masana'anta ba ce. Injin niƙa da markaɗe ne, da walda, da firjin ajiye allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, da famfon rijiyar burtsatse, da injin ban ruwa na masu noman rani irin na yankin dam ɗin Watari a Bagwai, da ɗinki, da cajin waya, da fanka a watan Afrilu. Yawancin waɗannan yanzu a kan fetur da dizal suke tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma. Litar dizal ɗaya tana ba da wajen kilowat-awa uku a janareta, don haka idan lita ta haura naira dubu, kuɗin mai kaɗai ya wuce naira 300 kan kowane kilowat-awa, kafin a zo maganar gyara. Ma'ana talakan karkara ya riga ya fi ɗan Band A biyan wuta da tsada, sai dai a gidan mai yake biya.

Wannan ne ya sa tsarin Zawaciki ya fi dacewa da irin waɗannan garuruwa fiye da tsarin Hornsdale. Sola mai megawat 1 a ƙasar Kano tana iya ba da wajen megawat-awa 4 zuwa 5 a yini. A haɗa ta da batiri mai megawat-awa 2, a tura aikin niƙa da ban ruwa zuwa tsakar rana lokacin da wuta ta fi yawa, a bar batirin ya riƙe gari daga magariba zuwa bayan isha'i. Idan wutar layi ta zo, a ƙara caji da ita. Idan babban layi ya faɗi, garin ya cire kansa ya ci gaba da harkokinsa, muddin an sayi irin inbatar da ke iya tayar da layi da kanta ba sai ta jira wutar waje ba. Wannan sharaɗin ƙarami ne a takarda, amma shi ne bambanci tsakanin garin da ke da haske a irin makon Oktoban 2024 da garin da ke zaune cikin duhu yana kallon faranten sola.

Idan aka kafa irin wannan a hedikwatar ƙananan hukumomi ashirin ko talatin, jimillarsu ta zama babban batiri, sai dai a warwatse yake, kuma manhaja na iya sarrafa su tamkar guda ɗaya. Za a ce hakan ya fi tsada kan kowane megawat-awa, kuma gaskiya ne: sayen sari ya fi araha, kula da wuri ɗaya ya fi kula da wuri talatin sauƙi. Amma wutar da aka samar a inda za a sha ta ba ta zubewa a doguwar hanya, ba ta jiran a gyara falwayar da iskar damina ta kayar a wani daji, kuma harin da aka kai wa wuri ɗaya ba ya kashe sauran. Kuɗin ma ba daga sama za a nemo ba. Shirin DARES na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750 da aka amince da shi a Disamban 2023, an tsara shi ne domin irin waɗannan ayyuka, kuma REA ce ke gudanar da shi. Dokar Lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu.

Maganar ƙasa

Batirin kansa ba ya cin fili. Kwantena 80 da kayan haɗinsu 'yan hekta kaɗan suke buƙata. Solar da za ta cika su ce ke cin ƙasa. Idan megawat 10 na Challawa sun ɗauki hekta 24, megawat 100 za su nemi sama da hekta 200 a irin wancan tsari. Tunda fili ya yi tsada a bakin birni, idon mai zuba jari karkara zai koma.

A taswirar ofis, karkarar Kano fili ne fetal. A ƙasa kuwa babu wani taku da ba shi da mai shi. Yanki ne da ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da shara, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakiya, kowace bishiya da amfaninta. Gonakin gado ne da aka yi ta rabawa har suka zama ƙanana. Hekta 200 a irin wannan wuri na iya zama abincin gidaje masu yawan gaske.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine da abin da aka inganta, ba ta darajar ƙasar kanta ba. Manomin da aka biya kuɗin geron damina ɗaya aka karɓe gonar da kakansa ya bar masa, an bi doka, amma an cuce shi. Hanyar da ta fi adalci ita ce haya: ƙasa ta ci gaba da zama ta mai ita, ana biyansa duk shekara, kuɗin na tashi tare da farashin hatsi, kuma a rubuta yadda za a mayar masa da ita idan wa'adi ya cika. A fara neman fako da tudun da ba a nomawa da filayen gwamnati kafin a taɓa gona mai kyau. A bar burtali a buɗe. Ko a tashar Challawa an ba ƙaramar hukumar Kumbotso wani kaso na mallaka, don haka ba sabon abu ba ne a ce garin da ya ba da ƙasa ya samu hannun jari. Abin da bai kamata a sake gani ba shi ne manyan wayoyi na wucewa ta saman ƙauye zuwa birni, mutanen ƙauyen na haska tocila a ƙarƙashinsu.

Wa zai biya?

A nan ne yawancin manyan ayyukan wuta a Najeriya ke mutuwa. A 2016 kamfanin NBET na gwamnati ya sa hannu da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola masu jimillar sama da megawat 1,000, akasarinsu a Arewa, har da wadda aka tsara a Kankiya ta jihar Katsina. Aka yi ta ja-in-ja a kan farashi da kuma tabbacin da gwamnati za ta bayar, shekaru suka wuce ba a gina su ba. Rana ba ta ragu ba, fasaha ba ta gaza ba. Takardar biyan kuɗi ce ta gagara.

Batiri ya fi sola wuyar sha'ani ta wannan fuska, don shi ba ya samar da abin sayarwa na kansa. Kuɗinsa na fitowa ne ta hanyar sayen wuta da araha a sayar da tsada, ko a biya shi ladan daidaita layi, ko a biya shi hayar zama cikin shiri. Ta farko tana buƙatar farashin da ke bambanta tsakanin rana da dare. Ta biyu da ta uku suna buƙatar hukumar NERC da sabuwar hukumar sarrafa layi ta NISO su fitar da ƙa'ida bayyananniya, sannan a samu mai biya da ba ya saɓa alƙawari, a kasuwar da kamfanonin samar da wuta ke cewa suna bin bashin sama da naira tiriliyan huɗu. Ga kuma canji. Da dala ake sayo batiri, da naira ake karɓar kuɗin wuta. Wanda ya ci bashin dala a farkon 2023 lokacin tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500. Jihar da ta ranto dala ta sayi batiri ba tare da hanyar samun kuɗi ba, ta bar wa gwamnati mai zuwa bashi da kwantenoni.

Wani abin takaici a gefe: ana haƙo lithium a Najeriya, har an buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a jihar Nasarawa a Mayun 2024, amma ƙwayar batirin daga waje za a ci gaba da shigo da ita.

Zafi, ƙura, gobara da tsaro

Batirin lithium ya fi son yanayin da bai wuce digiri 25 da ɗan abin da ba a rasa ba. A Kano, Afrilu da Mayu sukan haura 40. Duk wanda wayarsa ta taɓa kumbura a gaban mota ya san sakamakon. Na'urar sanyaya dole ta yi aiki dare da rana, kuma daga cikin batirin take ci. Hunturu kuma yana toshe matatun iska, ya lulluɓe faranten sola da ƙura, a lokacin da ruwan wanki ke wahala. Kwangilar da ba ta ɗauke da garantin ƙarfin batirin na shekara goma zuwa sha biyar a yanayin zafin Kano, da kuɗin gyara da aka ware tun farko, da horar da matasan yankin su riƙa kula da shi, ba kwangila ba ce, bikin yanke zare ne. Haka nan a rubuta wanda zai kwashe baturan idan sun tsufa. Yadda ake fasa tsofaffin baturan mota da na inbata a fili domin cire dalma ya isa gargaɗi.

Gobara ba kasafai take faruwa ba, amma idan ta tashi tana da wuyar kashewa. A Janairun 2025 tashar Moss Landing a Kalifoniya ta kama da wuta, aka kwashe mutum sama da dubu daga gidajensu. Waccan tashar tsohon tsari ce, batura masu nikel da aka tara cikin gini ɗaya. Sababbin ayyuka na raba kwantenoni a fili da tazara a tsakani. Duk da haka, garin da motar kashe gobara za ta yi tafiyar awa guda kafin ta iso shi yana buƙatar tazara mai kyau daga gidaje da tanadin ruwa a wurin.

Tsaro kuma ba abin da za a kau da kai ba ne. A ƙarshen 2025 'yan bindiga da ke tsallakowa daga ɓangaren Katsina sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, har aka tura sojoji. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injina 37 da megawat 10, wadda aka faro tun Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna, ta samu babban cikas bayan an sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Disamban 2012. Mai zuba jari yana karanta irin wannan tarihi, kuma yana saka shi cikin farashi. Wasu za su ce wannan dalili ne na barin Shanono sai an samu zaman lafiya. Amma garin da asibitinsa ke da haske da dare, turken sadarwarsa bai mutu ba, matasansa na da walda da niƙa da ɗinki, ya fi garin da ke cikin duhu iya tsayawa. Tashar da mutanen gari ke shan wutarta kuma suke karɓar hayarta, su ne za su fara kai rahoton wanda ya zo yankar waya.

Nazarin da Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyi na babban layi ne, kuma idan ya nuna Kumbotso na buƙatar batiri, a kafa shi. Aikin gwamnatin Kano da KEDCO da REA shi ne su fitar da nasu lissafin a fili: awa nawa kowane layin 33kV da ke zuwa karkara ke samun wuta a wata, nawa mutanen wurin ke kashewa a fetur da dizal, da kuma wane fili ne za a iya amfani da shi ba tare da an taɓa gona ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Shanono da Bagwai na da hurumin neman waɗannan alƙaluma tun yanzu, kafin a kira taron sa hannu.